Daga Rana Zuwa Naftun a Ƙafa: Kundin Aikinmu a Samaru

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Mun tsayar da ma'auni. Kowace mita ɗaya a ƙasa za ta tsaya a madadin kilomita miliyan ɗaya a sama. Malamin lissafi ne ya kawo shawarar, na kuma karɓe ta nan take domin ba ta buƙatar kalkuleta: yaro ya ji an ce tsakanin rana da duniya kilomita miliyan 150 ne, ya san mita 150 zai taka.

Abin da muka ƙudurta, mu da 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu a nan Samaru, shi ne mu kafa rana da duniyoyi takwas masu kewaya ta, girmansu da nisansu duka a kan ma'auni guda. Zanen nan na littattafan aji, inda ake jera duniyoyi kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya, ya daɗe yana damuna. Yaro sai ya gama sakandare yana zaton sama cike take maƙil da kaya, alhali kusan dukkanta fili ne fetal.

A wannan ma'auni, rana mai faɗin kilomita 1,392,000 ta koma faifai mai faɗin mita 1.39. Duniyarmu, mai kilomita 12,742, ba ta wuce santimita 1.3 ba. Naftun, ta takwas, tana can mita 4,500. Filin ƙwallo da bayan ajujuwa za su ɗauki huɗun farko, sauran kuwa sai bakin hanyar Shika.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mai walda ya yanka mana faifan rana daga falange, ya yi masa ƙafafu da rodi. Da na nuna masa girman duniya tsakanin yatsuna biyu, ya ajiye ƙarfen hannunsa ya ce, "Malam, wannan 'yar mitsitsiyar ita ce har da Makka da Legas a ciki?" Na ce har da tekuna. Shi ne ya ba da shawarar mu nemi ƙwallayen boris a wurin bakanike domin ƙananan duniyoyin, tunda suna zuwa girma-girma kuma ba sa fashewa. Mun samo na milimita 5 domin Uɗarid, ta farko daga rana, na milimita 7 domin Mirrihi, ta huɗu, da biyu masu kusan girma ɗaya domin Zara, ta biyu, da duniya. Manyan huɗun, wata dattijuwa mai ginin tukwane za ta mulmula mana su da yumɓu ta gasa.

Mun je gaida mai unguwa kan maganar kafa turaku a bakin hanya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce mu tabbata ba mu tare wa kowa ƙofar gida ko rumfa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kowane turke bai fi tsawon ƙirji ba." Ya sa albarka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Huɗun farko sun tsaya da siminti. Uɗarid a mita 58, Zara a 108, duniya a 150, Mirrihi a 228. A jikin turken duniya mun miƙa wata waya mai tsawon santimita 38, a ƙarshenta muka liƙa wata, ɗan ƙwallo mai milimita 3.5.

A nan aikin ya fara biyan wahalarsa. In ka kanga idonka daidai inda duniya take, ka dubi faifan rana can ƙarshen fili, girmansa a ido daidai yake da girman rana ta gaske a sama. Sai ka juya wayar nan har wata ya shiga tsakani: ɗan ƙwallon da bai kai ƙwayar wake ba ya rufe faifan ruf. Husufin rana ke nan, kuma dalilinsa ya fito fili ba tare da dogon bayani ba. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400. Na ba su labarin husufin 29 ga Maris, 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Najeriya ta yankin Gusau da Katsina. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka haifa a lokacin.

Daga nan muka yi tafiyar haske. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato santimita 30 a ma'auninmu, tsawon rula ɗaya. Muka sa wani ɗan aji huɗu ya tashi daga rana yana ajiye ƙafa ɗaya a gaban ɗaya kowace daƙiƙa, wani na riƙe da agogon waya. Lissafi ya ce minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso duniya. Yara sun ƙosa tun bai wuce Uɗarid ba. Na ce musu abin da suke gani yana jan ƙafa ɗin nan, babu abin da ya fi shi gudu a cikin halittar da muka sani, kuma a haka zai yi awa huɗu da 'yan mintuna kafin ya kai Naftun.

A allon Zara mun rubuta cewa zafin bayanta ya kai kusan digiri 465, ya fi na Uɗarid duk da cewa Uɗarid ta fi kusa da rana, saboda iskarta mai kauri tana riƙe zafi. Tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin kwana 243, tana kewaya rana cikin kwana 225.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun zaɓi yau domin Mushtari, wato Jufita, saboda yau ne duniya take tsakaninta da rana: tana fitowa da magariba, tana faɗuwa da asuba. Turkenta na mita 778, a wajen makaranta. Ƙwallon yumɓunta santimita 14. Tsakanin Mirrihi da ita akwai mita 550 da babu komai a idonmu, ko da yake a nan ne tarin duwatsun sama suke yawo, ciki har da Seres da aka gano a 1801. A ma'auninmu ko Seres ɗin ba ta kai milimita ɗaya ba.

Bayan isha'i, da ƙaramin madubin hangen nesa da wani abokina ya ara mana, muka ga Mushtari da watanninta manya a jere, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Layi ya yi tsawo, har da masu gadi da mai shayin bakin ƙofa.

Muna tattara kaya wata ɗaliba 'yar aji biyar ta tsaya a gaban faifan rana ta ce, "Malam, ita wannan me take ci take ba da wuta? In abin ya ƙare fa?" Na ce ta ba ni mako guda, amsar ta fi ƙarfin tsayuwa.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ba mu taɓa siminti ba. Zama muka yi a gindin faifan.

Rana ita ce kusan komai a wannan gida: kashi 99.86 cikin ɗari na nauyin duk abin da muke kafawa yana jikinta. Wannan nauyi yana danne tsakiyarta har zafin wurin ya kai digiri miliyan 15, kuma a irin wannan matsi ƙwayoyin haidurojin suna haɗewa su zama hiliyam. Kowace daƙiƙa tan miliyan 600 na haidurojin ke shiga wannan aiki, tan miliyan 4 daga ciki ya koma haske da zafi. Nauyi na tura komai ciki, zafin tsakiya na tura komai waje, ba wanda ya kada wani. Shekara biliyan 4.6 ke nan ana wannan kokawa, kuma abin da ya rage a tsakiyar zai kai kusan wata biliyan 5.

Sa'ad da haidurojin ɗin tsakiya ya ƙare, tsakiyar za ta ƙanƙance ta ƙara zafi, bayan kuma ya kumbura. Rana ta zama abin da ake kira jan ƙato, faɗinta ya ninka na yanzu kamar sau 200. Na sa yara biyu suka ja igiya daga faifan har mita 140. Igiyar ta wuce turken Uɗarid, ta wuce na Zara, ta tsaya gab da namu. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci.

A wannan zamani hiliyam ɗin ma zai kama, ya zama kabon da oksijin. Daga nan rana ba ta da nauyin da zai matsa kabon ya ci gaba. Sai tauraron da ya ninka ta kamar sau takwas ko fiye yake iya wucewa nan har ya kai ga fashewa. Za ta zubar da bayanta ya watse a sarari, abin da zai saura shi ne ƙwayar tsakiya: kusan rabin nauyin rana a dunƙule cikin abin da bai fi girman duniya ba. Shi ne farin wada. Na zaro ƙwallon boris irin na duniya daga aljihu na ɗora shi a tsakiyar faifan. Daga mita 1.39 zuwa santimita 1.3. Ɗan gutsuren jikin farin wada na gaske mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da nauyin kusan tan guda.

Me ya hana shi ci gaba da durƙushewa tunda wuta ta mutu? Ilaktaron ɗin da ke cikinsa, wato ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da lantarki. An matse su har sun kai iyakar da ba sa yarda a ƙara cusa su wuri ɗaya, kuma wannan turjiya tasu ba ruwanta da zafi. Wannan gaɓar ita ce mafi muhimmanci a duk bayanin, na maimaita ta: ko da farin wada ya yi sanyi ƙalau, ba zai rushe ba. Amma turjiyar tana da iyaka. Subrahmanyan Chandrasekhar ya fara lissafa ta a 1930, yana ɗan shekara 19, a jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila. Iyakar ita ce kusan ninki 1.4 na nauyin rana. Ya karɓi kyautar Nobel a 1983. Na faɗi shekarunsa da gangan, domin wasu a cikin masu sauraro saura kaɗan su kai su.

Ɗalibar ta ce, "To bayan nan fa, Malam?" Bayan nan sai hucewa. Farin wada kamar garwashi ne da aka zare daga murhu aka ajiye gefe: ba ya cin sabon itace, zafin da ya taho da shi kawai yake saki. In ya gama saki har ba ya fitar da hasken da ido zai gani, ya zama baƙin wada.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An dawo hutu. Zuhal, ta shida, mai zobe, ta tsaya a mita 1,430, ƙwallonta santimita 12, zobenta na falange mai faɗin santimita 27. Yuranus a mita 2,870, Naftun a 4,500, kowacce santimita 5. Mitar babur da taswirar waya muka haɗa wajen awo. Hazo ya sauko sosai, tun daga Zuhal ba a hango komai a baya.

A allon Yuranus: William Herschel ya gano ta a 1781. A na Naftun: an fara samun ta a takarda kafin a same ta a sama. Masana sun lura Yuranus tana kaucewa daga hanyar da lissafi ya ba ta, Urbain Le Verrier a Faransa ya lissafa inda mai jan ta yake, Johann Galle ya duba wurin daga Balin a watan Satumba na 1846 ya gan ta. Shekararta ɗaya shekara 165 ce tamu, sai a 2011 ta cika zagaye guda tun da aka gano ta.

Wani dattijo da rumfarsa ke kusa da turken ya tambayi inda tauraro mafi kusa zai tsaya. Na ce, "Baba, kilomita 40,000 daga nan. Sai ka zagaye duniya gaba ɗaya ka dawo Zariya." Furoksima Sentori ke nan, tafiyar haske ta shekara 4.2. Maganar Fuluto kuma, wadda aka gano a 1930 aka cire ta daga jerin duniyoyi a 2006, mun bar ta zuwa gaba.

Asabar, 18 ga Janairu

Hazo ya ɗan ɗaga. Bayan magariba Zara da Zuhal suna dab da juna a yamma, Mushtari a sama, Mirrihi ja a gabas. Duniyoyi huɗu da ido kawai.

Amma Shi'ira na fi son su gani, tauraron da ya fi kowane haske a daren duniya, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Yana nisan shekarar haske 8.6, kuma ba shi kaɗai ba ne. A 1844 Friedrich Bessel ya lura yana tafiya yana karkacewa, ya ce akwai wani abu mai nauyi da ke jan sa. A 1862 Alvan Graham Clark ya hango abin. Farin wada ne: nauyinsa kusan na rana, girmansa kusan na duniya, zafin bayansa kusan digiri 25,000, shi da babban suna kewaya juna cikin shekara 50. Madubinmu bai isa ya raba su ba, hasken babban ya danne ƙaramin. Duk da haka yara sun tsaya suna kallon wurin, sun san makomar rana tana can a ɓoye cikin wannan ƙyalli.

Asabar, 25 ga Janairu

Gardama ta tashi a ɗakin malamai tun ranar Laraba, yau muka ƙarasa ta. Na kawo shawarar ƙara allo guda a bayan faifan rana, mai nuna jan ƙato, farin wada, da baƙin wada. Malamin kemistiri bai yarda da na ukun ba. Hujjarsa: duk abin da ke kan hanyar nan an gan shi, an auna shi, wasu ma an aika musu na'ura. Baƙin wada kuwa babu wanda ya taɓa gani. Ya ce, "Malam, in muka haɗa abin da aka gani da abin da ake zato a allo ɗaya, yara ba za su bambance ba."

Maganarsa tana da nauyi, kuma gaskiya ne ba a taɓa gani ba. Ba a ma sa ran akwai ko ɗaya a yanzu. Sararin samaniya gaba ɗaya shekararsa biliyan 13.8, kuma fararen wadannin da suka fi kowa hucewa cikin waɗanda aka gano har yanzu zafinsu na wajen digiri 3,000. Hucewar tana da matuƙar jinkiri saboda dalilai da ɗan sakandare zai iya riƙewa. Zafi mai yawa ne a cikin jiki ƙarami, ƙofar fitarsa ƙanƙanuwa. Babu iska ko ruwa a kewaye da za su ɗebe shi, haske ne kaɗai hanyar fita. Sannan duk sa'ad da zafin bayansa ya ragu da rabi, hasken da yake fitarwa yana komawa kashi ɗaya cikin 16. Wato yana ƙara sanyi, yana ƙara rowar abin da ya rage. A kan hanya cikinsa yana daskarewa ya zama kamar lu'ulu'u. A 2019 masana suka nuna alamar haka daga awon na'urar Gaia ta Turai. Ƙiyasin da aka fi ambata na lokacin da zai huce har ya kusa sanyin sarari shi ne shekara 1 da sifili 15 a gabanta, wato biliyan sau miliyan.

Wannan adadi ba ya shiga kunne, sai muka mayar da shi igiya. Milimita ɗaya, shekara miliyan ɗaya. Shekarun sararin samaniya duka mita 13.8, tsawon aji da ɗan ƙari. Shekarun rana mita 4.6, saura mata kamar mita 5 ta kumbura. Ƙullin baƙin wada kuwa yana kilomita 1,000. In ka miƙa igiyar kudu maso yamma daga Zariya, za ta wuce Legas ta faɗa teku. Nisan duniyoyi mun iya taka shi da ƙafa a bakin hanyar Shika, amma wannan bai shiga garin ba.

Ni matsayina shi ne rashin ganin nasa shi ne darasin. Ba tatsuniya ba ce: an ga fararen wadanni dubu ɗaruruwa, masu zafi da masu sauƙin zafi, an san yadda suke hucewa, an san sanyi ba ya rushe su. Fiye da kashi 97 cikin ɗari na taurarin gungunmu, wato tarin taurarin da rana take ciki, nan za su ƙare. Baƙin wada shi ne inda wannan hanya ta nufa in aka bi ta har ƙarshe. Naftun da abokin Shi'ira duk lissafi ne ya riga ido, sai dai su an jira kaɗan aka gani, wannan kuwa ba mai jira. Yaron da ya iya cewa "wannan an gani, wannan an lissafa, ga dalilin lissafin" ya fi wanda ya haddace sunaye takwas samun kimiyya. Ina so su bar hannunmu da wannan.

Malamin Islamiyya da ke zaune ya ƙara da cewa a rubuta a fili lissafin yana magana ne a kan in al'amura suka ci gaba yadda suke, sanin ranar ƙarewar duniya kuwa yana wurin Allah. Babu wanda ya ja. Muka daidaita: allon zai rabu biyu da layi, hagu abin da aka gani, dama abin da aka lissafa, fenti ma daban.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na gwada rubutun allon a kan 'yan aji uku kafin a kai wa mai zane. Fiye da rabinsu sun ɗauka baƙin wada da baƙin rami abu ɗaya ne, saboda haka mun ƙara layi uku. Baƙin rami daga tauraro mai nauyin gaske yake fitowa, kuma haske ba ya iya kuɓuce masa. Baƙin wada ba ya riƙe haske, nasa ne ya ƙare. In ka haska shi da tocila zai nuna. Rana ba ta da nauyin zama baƙin rami.

Wani yaro ya tambaya ko duniyoyin za su watse in rana ta mutu. Nauyi ke riƙe su, ba haske ba. Tunda rana za ta rasa kusan rabin nauyinta, na nesa za su ja baya su ci gaba da kewayawa a faffaɗan zagaye. A 2020 an gano wata duniya mai girman Mushtari tana kewaya farin wada mai suna WD 1856+534, nisan shekarar haske kusan 80. Wannan ya shiga gefen hagu na allon.

Mai walda zai soke ƙwallon boris biyu a jikin allon, ɗaya da farin fenti, ɗaya da baƙi, girmansu ɗaya. Zoben Zuhal ya lanƙwashe, da alama akuya ta yi susa a jiki, sai an sake shi da falange mai kauri. Allunan Yuranus da Naftun ba a rubuta su ba tukuna, kuɗin fenti ya ƙare, mun kai buƙatar ga ƙungiyar iyaye da malamai. Muna so mu yi tafiyar farko daga rana zuwa Naftun da dukan 'yan aji huɗu kafin azumi ya kama a farkon Maris, in sha Allahu. Ɗalibar da ta yi tambayar ita za ta tsaya a allon baya ta yi bayani, ta karɓi takardun lissafin igiyar za ta yi nazari a gida.